Yadda ɗalibin aikin jarida zai koyi shirya fim tun yana makaranta

Akwai abin da ke damuna game da ɗaliban sashen koyon aikin jarida a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha. Sai ka ga ɗalibi ya kai ajin ƙarshe, ya haddace ka'idojin sadarwa, ya san sunayen masana na Turai da Amurka, amma bai taɓa kammala fim ko na minti uku ba. In ka tambaye shi dalili, amsar ɗaya ce: kyamarar sashen guda ce, kuma tana kulle a ofis. Gaskiya ne kayan aiki sun yi ƙaranci. Amma a tuna, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da kyamarar kaset aka yi aikin, kuma wayar da ke aljihunka yau ta fi ta kyawun hoto nesa ba kusa ba. Abin da ya rage maka shi ne ka fara ƙaramin aiki, ka kai shi ƙarshe, ka sake wani. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Sauya yadda kake kallo

Zaɓi fitowa ɗaya daga fim ɗin da kake so, wadda ba ta wuce minti biyu ba. Kalle ta sau uku. A karo na farko ka kalla kamar kowa. A na biyu ka kashe sauti, ka riƙe biro da takarda, ka ƙirga sau nawa aka yanka hoto, wato aka sauya daga wani hoto zuwa wani, ka rubuta inda kyamara take a kowane yanka: nesa take, ko kusa da fuska, ko bayan kafaɗar wani. A na uku ka juya wa allon baya ka saurara kawai. Za ka ji abubuwan da ba ka taɓa lura da su ba, kukan kaza daga nesa, ƙarar ƙofa, shirun da aka bari kafin a ba da amsa. Ka riƙa yin haka sau biyu a mako, da fim ɗin Hausa da na Indiya da na ko'ina. Bayan wata guda idonka ba zai ƙara zama na ɗan kallo ba.

Mataki na 2: Rubuta labarin da za ka iya ɗauka

Nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. Labarin farko da ke zuwa wa matashi a rai yakan zo da gidan sama, da motoci, da asibiti, da kotu, da biki. Ba ka da ko ɗaya daga cikinsu. Ka duba abin da kake da shi: shagon ɗan'uwanka, zauren gidanku, ɗakin kwanan ɗalibai, mai shayin bakin makaranta. Ka gina labarin a kan wurin da za a ba ka kyauta.

Ka'idar da nake ba da shawara ita ce wuri ɗaya, mutum biyu ko uku, minti biyar. Kuma kowane labari yana bukatar abu uku: wani yana son wani abu, akwai abin da ya tare masa hanya, kuma lokaci yana ƙure masa. Bari in ba da misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Tela ne a daren jajiberin salla. Saura ɗinki biyu a gabansa, babbar rigar wani attajiri da ya biya kuɗi tun farkon azumi, da 'yar rigar wani yaro maraya da ke zaune a bakin shagon tun bayan isha'i yana jira. An ɗauke wuta, man janareto ya kusa ƙarewa, ɗinki ɗaya kawai zai iya gamawa. Shi ke nan, ka sami fim. Ba ka bukatar komai sai shago, da keken ɗinki, da mutum biyu, da waya da za ta yi ta ƙara.

Wajen rubutawa, kowace fitowa ta fara da layin da ke faɗin wuri da lokaci: cikin shago, dare. A ƙarƙashinsa ka rubuta abin da ido zai gani kawai. Kada ka rubuta "tela yana cikin damuwa", domin kyamara ba ta ɗaukar zuciya. Rubuta cewa ya zura zare a allura sau uku yana kuskurewa. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya, ke nan shafi biyar sun ishe ka.

Sai maganar baki. Mu mutanen rediyo ne, mun tashi da wasan kwaikwayon da ake saurare, shi ya sa finafinanmu da yawa ke cika da zance har mutum zai iya bin labarin yana daga kicin. Ka yaƙi wannan ɗabi'a tun yanzu. Bayan ka gama rubutu, ka soke rabin maganganun, ka ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Gaisuwa ma haka. A rayuwa ba a tsallake ta, amma a fim kana iya shiga fitowar bayan an gama ina wuni da ina gajiya, sai dai in gaisuwar ce ke ɗauke da ma'ana, kamar a ce attajirin ya ƙi amsa ta. Abin da ya rage na magana kuma ka karanta shi da ƙarfi a gaban abokanka. Duk jimlar da ta yi kama da wa'azi ko labarun ƙarfe bakwai, a sake ta yadda tela zai faɗe ta a shagonsa.

Mataki na 3: Haɗa tawaga, a raba aiki

Mutum biyar sun isa: darakta, mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai kula da haske, da mai lura da daidaiton fitowa, wanda 'yan masana'anta ke kira kwantiniti. Shi ne zai tuna cewa hular tela tana karkace ta hagu a ɗaukar farko, kuma kofin shayi rabi ne. Ku yi alkawari za ku yi finafinai biyar, kowane fim a juya aiki, wanda ya ba da umarni yau gobe shi ne mai riƙe makirfo. Daraktan da bai taɓa riƙe makirfo minti goma hannunsa a sama ba, ba zai san abin da yake nema daga mutane ba.

Ga 'yan'uwa mata ɗalibai, kada ku yarda a ce aikinku kwalliya ko fitowa gaban kyamara kawai. Ku karɓi kyamarar. Akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu, kuma rabin labaran ƙasar nan a cikinsu suke: mai ƙuli-ƙuli, ungozoma, mai kitso, malamar Islamiyya. Namiji ba zai kai kyamara can ba, ku ne za ku iya, da yardar masu gida.

Mataki na 4: Shiri kafin ranar ɗauka

Ka je wurin da za a yi aikin a daidai lokacin da za a yi shi, ka zauna minti ashirin ba ka cewa komai. Akwai injin niƙa kusa? Makarantar allo? Janareton maƙwabci? Masallacin unguwa da ƙarfe nawa yake kiran salla? Ka tsara aikinka yadda hutun tawaga zai faɗo a lokacin salla.

Sannan izini. Ka gaida mai unguwa ka gaya masa abin da ya kawo ku, ka riƙe takarda daga sashenku mai ɗauke da sa hannun malami. Duk wanda fuskarsa za ta fito ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Kada ka ɗauki almajiri ko marar lafiya ko mai bara a ɓoye don hoton zai taɓa zuciya, mutuncinsu ya fi makinka. In aikin zai fita kasuwa ko gidan kallo, ka sani akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993, Jihar Kano kuma tana da tata tun 2001, sai ka nemi sanin ƙa'idojinsu tun kafin ka kashe kuɗi.

Abu na ƙarshe a shiri shi ne jerin hotuna. Ka rubuta kowane hoton da kake bukata da lambarsa: na 1, shagon gaba ɗaya daga waje; na 2, tela daga ƙugu zuwa sama; na 3, ƙafarsa a kan feda; na 4, idon yaron yana bin allura. In za ka iya zana su, ko da zanen mutane da layi-layi ne kawai, ya fi.

Mataki na 5: Kyamara

Kwantar da wayar a kwance, sai dai in don TikTok kake yi. Goge gilashinta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Ka sauke manhajar da ke ba ka damar saita komai da hannu, irin Blackmagic Camera wadda kyauta ce ga wayoyin da ke ɗaukarta. Saita hoto 25 a daƙiƙa, gudun rufewar idon kyamara, wato shutter, kuma ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Dalili kuwa, wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, in ka bar wayar a kan hoto 30 kamar yadda take zuwa, za ka iya ganin hasken ƙwan lantarki yana rawa a hotonka. Ka kulle haske da saitin kaifi a kan fuskar mai wasa, don kada wayar ta riƙa sauya su da kanta tsakiyar magana.

Kada ka zuƙo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa. Kada kuma ka yi ta yawo da kyamara. A finafinanka biyu na farko ka ɗora ta a kan maɗorin kyamara mai ƙafa uku, in babu ka jera littattafai ko ka kafa ta a buhun shinkafa. Motsi sai da dalili.

Akwai ka'ida ɗaya da in ka karya ta ɗan kallo zai rikice ko bai san dalili ba. Ka ɗauka akwai igiya a miƙe tsakanin tela da yaron. Kyamara ta zaɓi gefe ɗaya na igiyar ta zauna a nan har fitowar ta ƙare. In ka tsallaka, sai a ga su biyun suna kallon gefe ɗaya kamar ba da juna suke magana ba. Kowace fitowa ka ɗauke ta aƙalla sau uku: daga nesa, sannan kusa da fuskar wannan, sannan kusa da fuskar wancan. Ka ƙara da ƙananan hotuna, hannu, almakashi, fitila, agogo. Ranar tacewa su ne za su cece ka.

Mataki na 6: Haske

Ranar tsaka a ƙasarmu ba ta da tausayi. Tana sa inuwar hula ta rufe ido, fuska ta yi duhu, farar shadda kuma ta ƙone har ba a ganin aikin da ke wuyanta. Ka yi ɗaukar waje da hantsi ko bayan la'asar. In dole ne da rana, ka koma inuwar bishiya ko rumfa, wani ya riƙe farin kwali yana maido haske kan fuska. Kuma ka roƙi 'yan wasa su bar fararen kaya a gida, su zo da masu launi, domin idan ka saita haske don baƙar fata ta fito da kyau, farin yadi zai wuce gona da iri.

A cikin ɗaki kada ka zaunar da mutum ƙofa ko taga tana bayansa, zai zama baƙar inuwa. Juya shi hasken ya zo masa ta gefe. A fim ɗin telanmu dare ne kuma babu wuta, amma hakan ba ya nufin ka ɗauka cikin duhu, waya ba ta jure duhu, hoton zai cika da tsaki-tsaki. Sa fitila mai caji a cikin hoton don a ga kamar ita ke haskawa, sannan ka ɓoye wata mai ƙarfi a gefe guda da ita, ka rufa mata farin ƙyalle mai shara-shara don hasken ya yi laushi.

Mataki na 7: Sauti

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma da zarar ba sa jin abin da ake faɗa sun tashi. Na taɓa zama a wajen nuna ayyukan ɗalibai inda aka kawo wani fim mai kyawun hoto ƙwarai, labarin ma da ma'ana, amma iska da ƙarar babura suka cinye maganar tsohuwar da aka yi hira da ita. Ɗalibar da ta yi shi ta sha wahalar tafiya ƙauye har sau biyu, kuma babu yadda za a gyara. Har yau ina jin zafin wannan asara.

Sirrin bai wuce kusanci ba. Makirfo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga ba shi da tsada a kasuwar waya, ku haɗa kuɗi ku saya kafin ku sayi komai. In babu, a sa waya ta biyu a aljihun gaban rigar mai wasa tana naɗar murya. A farkon kowace ɗauka wani ya faɗi lambar fitowa, ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafin ne zai ba ka damar daidaita murya da hoto daga baya. Mai sauti ya sa abin ji a kunne koyaushe, kuma a ba shi ikon tsayar da aiki in ya ji abin da bai dace ba. A kashe fanka da firji. In ana bukatar janareto, a kai shi nesa da doguwar waya, a bayan katanga.

Kafin ku tashi daga wurin, kowa ya yi tsit na daƙiƙa talatin a naɗi shirun ɗakin. Kowane wuri yana da irin nasa shirun, kuma da shi za ka cike giɓi tsakanin maganganu. Ka naɗi ƙarar keken ɗinki ita kaɗai, da ta almakashi, da kabbarar da ke tashi daga nesa. A fim irin wannan, lokacin da keken ya tsaya cak zai fi kowace jimla magana.

Mataki na 8: Aiki da 'yan wasa

Kada ka ce wa mai wasa "yi fushi" ko "yi baƙin ciki", zai ba ka fuskar da ya gani a talabijin. Gaya masa abin da yake so ya samu: kana so yaron nan ya tafi gida ba tare da ka kalli idonsa ba. Gyara kuma a kunne ake yi, ba a gaban jama'a ba. Ku yi gwaji kwana ɗaya kafin ɗauka. Ka tanadi ruwa da abinci da kuɗin mota ko da ba za ka biya kowa ba, ka kuma sallami mutane a lokacin da ka yi alkawari.

Mataki na 9: Tacewa

A daren da aka gama ɗauka, kafin ka kwanta, ka kwafe komai wuri biyu daban, kwamfuta da wani faifan ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ka raba manyan jakunkuna: hoto, sauti, kiɗa, kowace fitowa da lambarta.

Manhajar tacewa ta DaVinci Resolve kyauta ce kuma ƙwararru na aiki da ita, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. In taka ba ta kai ba, Shotcut ko Kdenlive za su yi, a waya kuma akwai CapCut. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Fara jera fitowa bisa tsarin rubutu ba tare da ado ba. Za ka ga fim ɗin minti biyar ya zama tara. Daga nan sai yanka: shiga kowace fitowa a makare, fita da wuri. Ba sai mun ga yaron ya taso daga gida, ya bi layi, ya yi sallama ba. Hoton da ka fi so, wanda kuka sha wuya a kansa, in bai ciyar da labari gaba ba a cire shi.

Wata dabara mai sauƙi da ke sa aiki ya yi santsi: bari muryar mai magana ta shigo kafin a ga fuskarsa, ko ta ci gaba alhali muna kallon mai saurare. Sau da yawa labarin yana fuskar wanda ake gaya wa magana ne. Ka guji juye-juyen hoto masu walƙiya da manhaja ke bayarwa, yanka kai tsaye ya wadatar. Kiɗa kuma kada ka ɗauko na wani ba izini, YouTube na iya toshe aikin ko ta ba mai kiɗan kuɗin tallarsa. Nemi abokin da ke da situdiyo, ko mai gurmi ko sarewa a unguwa, ku yi yarjejeniya a rubuce. Daga ƙarshe ka sa fassarar Turanci a ƙasan hoto, in da hali har da Faransanci, ka ba wanda ya iya harshen sosai ya duba.

Mataki na 10: Nuna shi, sannan ka fita waje

Tara mutum goma waɗanda ba su san labarin ba, kada duk su zama abokanka. Zauna a baya ka kalle su, ba allon ba. Inda suka fara duba waya, nan ne fim ɗin ya yi sanyi. Bayan an gama kada ka tambaya ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ka ce su ba ka labarin da bakinsu. In abin da suka faɗa ya saɓa da abin da ka nufa, ka koma kan kwamfuta.

Lokacin da makaranta ta tura ku koyon aiki na SIWES, kada ka nemi ofishin da za a sa maka hannu kana gida. Nemi gidan talabijin da ke shirya wasanni, irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ko kamfanin shirya fim a Kano ko Kaduna ko Jos, ka yarda ka ɗauki wayar lantarki da fitila. Ka je da wuri, ka riƙe ɗan littafi, ka yi tambaya lokacin hutu ba lokacin da darakta ke tsakiyar aiki ba. Wanda ke son zurfafa karatu, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda kuma ke shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai bikin finafinai na FESPACO da aka fara a 1969, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, maƙwabcinmu na nan kusa. Shafin FilmFreeway yana jera bukukuwan da ke karɓar gajerun finafinai, da yawa suna da rukunin ɗalibai, wasu ba a biyan kuɗin shiga. Ka karanta sharuɗɗansu kafin ka ɗora fim ɗinka a intanet, don wasu ba sa karɓar wanda aka riga aka saki.

Daga ayyukanku biyar ka tsamo mafi kyawun abin da hannunka ya yi, ka haɗa shi minti ɗaya da rabi, da sunanka da aikin da ka yi a kowane yanki, ka ajiye a waya inda za ka iya nunawa nan take in furodusa ya tambaye ka me ka iya. Ranar da kuka nuna fim na farko kuma, kafin tawaga ta watse, ku buɗe kalanda ku sa ranar ɗaukar na biyu, kada ta wuce mako shida, ku kuma faɗi wanda zai riƙe makirfo.